Zuciya da Kayan da Ake Ɗora Mata

Duk wanda ya taɓa shiga Asibitin Nassarawa a Kano, a unguwar da Turawan mulki suka zauna, wanda yanzu ake kira Asibitin Muhammad Abdullahi Wase, ya ga yadda ake ɗaure damtsen majiyyaci a hura iska. Abin da ake aunawa shi ne ƙarfin da jini ke tunkuɗar jijiya. Sanin nan kuwa ya daɗe a hanya kafin ya iso.

Ibn Nafis, likitan Misira, wanda ya rasu a 1288, shi ya bayyana cewa jini yakan bi ta huhu kafin ya koma hagun zuciya. A 1628 William Harvey na Ingila ya yi lissafi, ya ga jinin da zuciya ke turawa cikin sa'a guda ya fi ƙarfin abin da jiki zai iya ƙerawa, ashe jini ɗaya ne ke ta kewayawa. Wajen lita 5 take turawa kowane minti in mutum yana hutawa. Sa'an nan a 1918 Ernest Starling ya wallafa ƙa'idarsa, watau gwargwadon cikar zuciya da jini, gwargwadon ƙarfin matsawarta. Amma baka ma in an ja ta fiye da kima takan saki.

To, a ƙasar Hausa aka ga wannan ƙuru-ƙuru. A 1978 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka ba da labarin mata masu jego da ake kawowa da kumburi da haki, galibi da damina. Suka dubi al'ada: kunun kanwa, wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, har kwana 40. Kanwa tana riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙaru. Zafi yana buɗe jijiyoyin fata, tilas zuciya ta ƙara aiki, ga ta ba ta gama hutawa daga ɗawainiyar ciki ba.

Ba daidai ba ne a ɗora wa kakanni laifin duka, gama da nufin alheri suka yi. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Malam Aminu Kano ya sami ciwon har ga matan da ba su bin al'adar, ya kuma ga yawancin masu shi matalauta ne, jininsu da ƙarancin sinadarin siliniyam.