Daga San Diego zuwa Samaru: Yadda Nazarin Mata Ya Shiga Jami'a

Masu cewa nazarin al'amuran mata baƙon ilimi ne suna da gaskiya ta fuskar asali. A kwalejin San Diego ta Amurka aka buɗe sashensa na farko a 1970, lokacin da gwagwarmayar 'yancin mata ke tashe a can, kuma damuwar matan birni farar fata masu rufin asiri ce ta cika littattafansa na farko. Amma wanda ya tsaya a nan ya karanta rabin tarihin ne, domin fannin bai iso Afirka a yadda ya baro gida ba. A taron da aka yi a kwalejin Wellesley a 1976 kan mata da ci gaba, mahalarta daga Afirka da ƙasashen Larabawa, ciki har da Nawal El Saadawi da Fatima Mernissi, sun soki yadda 'yan Amurka suka mamaye zance a kan rayuwar da ba tasu ba. Shekara guda bayan haka aka kafa ƙungiyar matan Afirka masu bincike, AAWORD, a Dakar.

A Najeriya kuwa, daga Zariya abin ya ɗauki saiti. Taron ƙara wa juna sani da aka yi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru a 1982 shi ya haifi ƙungiyar mata ta WIN, wadda ta karɓi maza a cikinta, ta kuma dage cewa ba za a raba matsalar mace da matsalar talauci ba: matar manomi da matar minista ba ciwo ɗaya ke damun su ba. A 1987 aka buɗe cibiyar binciken al'amuran mata ta WORDOC a Jami'ar Ibadan ƙarƙashin Farfesa Bolanle Awe, Makerere ta Uganda kuma ta kafa sashenta a 1991. Daga baya Oyeronke Oyewumi ta fito da littafinta na 1997 tana musanta cewa rabon jama'a bisa jinsi irin na Turai ya dace da tsohuwar al'ummar Yarabawa. Ko an yarda da ita ko ba a yarda ba, daga cikin fannin wannan sukar ta fito.

Akwai ƙorafin da ya fi na baƙuntar fannin nauyi, wato cewa fafutuka ce aka yi wa rawanin ilimi, kuma kuɗin ƙungiyoyin waje ke zaɓar abin da za a bincika. Batun kuɗin gaskiya ne, musamman bayan da tsarin tattalin arziki na SAP na 1986 ya talauta jami'o'i, malamai suka koma rubuta rahoto don masu ba da tallafi. Sai dai ana auna fanni ne da abin da ya tono. Binciken da Enid Schildkrout ta yi a Kano cikin shekarun 1970 ya nuna matan kulle na tafiyar da sana'a mai yawa ta hanyar tallan yara, dukiyar da lissafin gwamnati bai taɓa ƙirgawa ba. Littafin Jean Boyd na 1989 ya kai Nana Asma'u da tsarinta na 'Yan Taru cikin manhajar jami'o'in duniya, alhali littattafan tarihin jihadi da aka koyar kafin nan sun fi mayar da hankali ga mahaifinta da ɗan'uwanta Muhammadu Bello.