Ɗan Damagaram a Birnin Gadoji

Masu iya magana kan ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. To, ina ga baƙon da ya taso daga bakin hamada, ya sauka a birnin da ruwa ya keta tsakanin gidajensa? Abin da ya sami wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu ke nan a shekarar 1855.

An haifi Dorugu a ƙasar Damagaram, aka kama shi bawa tun yana ƙarami. Wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, shi ne ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu a gefen Tafkin Chadi a 1852, sai yaron ya koma hannun Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasashenmu da suna Abdulkarim. Tare suka je Tumbutu, suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus. A kakar 1855 Barth ya isa garinsu, watau Hamburg ta ƙasar Jamus, tare da Dorugu da abokinsa Abbega. Nan fa al'amari ya juya: baƙon jiya ya zama ɗan gari, yaran da suka san hanya kuwa suka zama baƙi.

Wane irin gari suka tarar? Hamburg tana bakin kogin Elbe ne, inda ƙaramin kogin Alster ya faɗa cikinsa. Hanyoyin ruwa da Jamusawa ke kira Fleet sun yayyanka tsohon garin. Gidajen fatake ƙofa biyu gare su, ɗaya a kan titi, ɗaya a kan ruwa, inda jiragen dako ke tsayawa a ja kaya sama da igiya. Ko da yake teku na da nisan kilomita ɗari ko fiye, tumbatsarta na isowa har cikin gari sau biyu a kwana guda. Inda mutum ya ga ruwa cike da safe, yana iya dawowa da rana ya tarar da taɓo, jirage suna zaune a kansa.

Mai tafiya a ƙasa a irin wannan gari ba ya miƙewa sak. Yana hangen inda za shi, amma tilas ya zaga neman gada. Dabararsa ita ce ya riƙe alama guda mai tsawo. Kamar yadda baƙon Kano kan dubi Dutsen Dala, wanda shi kansa Barth ya hau a 1851 ya zana birnin, haka baƙon Hamburg kan dubi hasumiyar majami'ar Michaelis, mai tsawon mita 132.

Garin kuwa bai gama farfaɗowa daga wata masifa ba. A watan Mayu na 1842 gobara ta tashi a titin Deichstrasse, ta yi kwanaki tana ci, ta bar dubban mutane ba muhalli. Saboda haka majami'ar Nikolai ma ana cikin sake gina ta ne lokacin zuwan su Dorugu. Manyan ɗakunan ajiyar nan na jan bulo da ake kira Speicherstadt kuwa, sai a 1883 aka fara gininsu.

Daga baya Dorugu ya zauna a Ingila wurin J. F. Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da Hausa, aka buga cikin littafin Magana Hausa a 1885. Ya komo gida, ya rasu a Kano a 1912.

Littattafai sun cika da sunayen Turawan da suka zo suka dube mu. Ya kamata mu ma mu riƙa tunawa da yaron nan da ya je ya dubi Turai, ya kuma ba da labarinta da harshenmu.