Yaƙin Hitila da ramukan kuza na Jos

Duk lokacin da hirar Yaƙin Duniya na Biyu ta taso a zamanmu na ƙungiya a nan Riyad, Bama ake ambata. Kusan kowa yana da kaka ko ɗan'uwan kaka da ya tafi can cikin runduna ta 81 ko ta 82 ta Afirka ta Yamma. Sun cancanci a tuna su. Amma ni waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne manoman da aka kai Jos, waɗanda ba a ba su ko lambar yabo ba.

A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun mafi yawan kuzarta. Babu kuza, babu gwangwanin abincin soja, babu dalmar haɗa kayan yaƙi. Sai ido ya koma kan tsaunukan Jos. A shekarar, zamanin Gwamna Bourdillon, aka kafa dokar aikin tilas a ma'adinan kuza. Bature ya yanka wa En'e adadi, hakimi ya yanka wa dagaci, dagaci ya duba wanda ba shi da mai tsaya masa. Daga lardunan Sakkwato, Katsina, Zariya, Bauci da sauransu, an ɗebi mutane kimanin 100,000 kafin a soke dokar a 1944.

A matsayina na likita, nan ne abin ya fi ci mini rai. Ka ɗauko mutumin Sakkwato da ya saba da zafi, ka ajiye shi a tudu mai tsayin fiye da mita 1,200, cikin hunturu ko tsakiyar damina, da 'yar taguwa ɗaya, abinci bai isa ba, ana kwana a cunkushe. Ɗalibin likitanci ma ya san abin da zai biyo baya: ciwon haƙarƙari da gudawa. Mutane sun mutu da yawa, musamman a aikin madatsar ruwa ta Tenti. Masu ƙarfin ƙafa kuwa gudu suka riƙa yi, su kama hanyar gida.

Ramukan suna nan har yau a kewayen Bukuru da Barikin Ladi, ruwa ya cika su. Masu dattawa a gida, don Allah ku tambaye su wa aka ɗiba daga garinmu, ku aiko wa mujallar nan da sunayen.