Gyambon Lishmaniya: Tarihin Bincikensa da Maganinsa a Ƙasar Hausa

Gyambon lishmaniya ciwon fata ne da wata ƙwayar cuta mai suna Lishmaniya ke haddasawa. Macen ƙyashi ce ke kwaso ta daga jikin ɓerayen daji, ta zuba wa mutum in ta cije shi, galibi tsakanin magariba da asuba. Ciwon kan fara da ɗan ƙurji kamar cizon sauro, a fuska ko hannu ko ƙafa, wato inda tufa ba ta rufe ba. A hankali sai ya girma ya fashe, tsakiyarsa ta lotsa, gefensa ya ɗaga kamar bakin kasko. Sau da yawa ba ya zafi sai in wata cutar ta shige shi, shi ya sa ake sakaci da shi. Yakan warke don kansa bayan watanni, wani ya haura shekara, amma tabon yana nan har kabari.

Mutanen Gabas ta Tsakiya sun daɗe da saninsa, har suna kiransa da sunan garuruwansu, gyambon Halab ko na Bagadaza. Likitan sojan Rasha Borovsky ya ga ƙwayar a Tashkent a 1898, sai dai da Rashanci ya rubuta, duniya ba ta ji ba. A 1903 Leishman da Donovan suka bayyana 'yar'uwarta mai kama saifa da hanta a Indiya, sunan Leishman kuwa shi ya bi ƙwayar.

Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne, a ƙasar Hausa aka fara rubuta labarin ciwon a duk Afirka ta Yamma. A 1911 likitan sojan Faransa Stévenel ya ba da rahoton wasu gyambuna a yankin Damagaram, ya ce kamarsu ɗaya da na Gabas. A Najeriya Dyce-Sharp ne ya fara, a tsakiyar shekarun 1920. Elmes da Hall suka biyo baya a 1944, sai Jelliffe a 1955. Daga nan aikin ya koma yau a yi, gobe a bari. Likitan fata Obasi ya wallafa abin da ya gani a Kaduna a 1991. A shekarun 1990 an yi bincike a Keana, cikin jihar Nasarawa ta yanzu, a 2007 kuma likitocin Sakkwato suka ba da rahoton ɓarkewarsa a wata makarantar kwana. Su wa ke ɗauke da ƙwayar a yankinmu, an fi gano wannan a Senigal: ƙwayar nau'in Leishmania major ce, ƙyashin kuma Phlebotomus duboscqi, wanda ke fakewa a ramukan ɓeraye.

Gwajin bai sauya sosai ba tun zamanin su Stévenel. Ana kankaro gefen gyambon, ba tsakiyarsa mai ruɓa ba, a shafa a gilashi, a rina, a duba da madubin likita. In ƙwayar na nan za a gan ta cunkushe cikin ƙwayoyin garkuwar jiki kamar tsabar gero.

Tarihin maganin ya fara ne a Birazil a 1912, lokacin da Gaspar Vianna ya gwada allurar antimoni, ma'adinin da a da ake haɗa kwalli da shi. Tana aiki, amma gubarta ta yi yawa. A shekarun 1940 aka samo masu dama-dama, Pentostam da Glucantime, kuma har yau su ne jigo. In gyambon ƙarami ne, likita kan tsira allurar a gefensa, ya tura maganin har fatar ta yi fari. Duk wanda aka yi wa ya san zafinta. In gyambunan sun yi yawa, allura ce kullum har kwana 20, ana lura da zuciya da hanta. Daga baya aka ƙaro ƙwayar sha ta miltefosine, wadda Amurka ta amince da ita a 2014, ba a kuma ba mai ciki. Akwai gasa gyambon da na'ura a zafin digiri 50 na daƙiƙa 30, akwai daskarar da shi. Allurar rigakafi dai babu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 600,000 zuwa miliyan 1 ke kamuwa duk shekara, ta kuma sa ciwon cikin cututtukan da aka yi watsi da su. Wannan suna ya dace da halin da muke ciki. Manomi a ƙauyen daji irin Kazage ta Birnin Gwari, mai kwana waje da bazara, in gyambo ya fito masa kemis zai nufa, a ba shi kafso ya farke ya barbaɗa. Likitan fata yana can birni, hanyar kuma ba kullum take biyuwa ba. Kafso ba ya kashe Lishmaniya. Ƙyashi ma ƙanƙantarsa ta sa yana ratsa gidan sauro in ba mai magani ba ne. Duk gyambon da ya wuce wata guda bai kama hanyar warkewa ba, a kai shi asibiti a nemi a kankaro a duba.