Lambar Daɗewa a Aiki: Daga Sojan Ruwa na Ingila Zuwa Kan Iyakar Mai'adua

Daga Mai'adua zuwa bakin teku a Ikko tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce a mota. Saboda haka mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa mutumin ƙasar Daura da lambobin girma na sojan ruwa? Amsar tana cikin tarihin aikin soja a ƙasar nan, domin hafsan jirgin ruwa ne ya fara ɗaukar Hausawa soja da sunan Ingila, kuma tsarin da aka bi wajen saka wa ma'aikatan jiragen ruwa shi ne ya bayyana a fili yadda mulkin mallaka yake auna shekarun Bature da shekarun baƙar fata.

Lambar soja, wadda tsofaffin sojoji suke kira minda, iri-iri ce. Akwai ta jaruntaka, wadda mutum kan samu saboda abin da ya yi a rana ɗaya. Akwai ta halartar yaƙi, wadda ake ba duk wanda ya je. Sa'an nan akwai ta daɗewa a aiki da kyawun hali, wadda ba a samunta sai da haƙuri. Wannan ta ukun ba ta da armashi a bakin maroƙa, amma ita ce ta fi kusa da rayuwar ma'aikacin gwamnati, don kuwa da littafin aiki ake shari'arta, ba da labarin fagen fama ba.

A shekarar 1859 Ingila ta kafa rundunar sojan ruwa ta ko-ta-kwana, watau matuƙan jiragen fatauci da masunta waɗanda suke ci gaba da sana'arsu, amma sukan je horo lokaci-lokaci, in yaƙi ya tashi a kira su. Sai a 1908, zamanin Sarki Edward na Bakwai, aka yi musu lambobin daɗewa a aiki, aka kuma raba su biyu. Hafsa in ya cika shekara 15 yakan sami lambar da take ba shi ikon rubuta haruffan R.D. a bayan sunansa. Ƙaramin ma'aikaci kuwa, bayan shekara 15 shi ma, sai a ba shi minda ta azurfa mai hoton jirgin yaƙin nan Dreadnought, ba tare da wani harafi a bayan suna ba. Shekarun ɗaya ne, tekun ɗaya ce, amma ladan ya bambanta. Wannan bambanci bai gushe ba sai a 1999, sa'ad da aka maye gurbinsu da lamba guda ta shekara 10 ga hafsa da kurtu baki ɗaya.

Dangantakar Hausawa da wannan al'amari ta faro ne daga Laftanan John Glover, hafsan sojan ruwa wanda jirginsu Dayspring ya fashe a kan duwatsu kusa da Jebba a 1857. A 1863, yana Ikko, ya tara waɗansu mutane masu jin Hausa, galibinsu bayi ne da suka tsere, ya ba su bindigogi. Daga wannan 'yar ƙungiya Rundunar Sojan Nijeriya take ƙirga asalinta har yau. Bayan haka, da Turawa suka kafu, sai suka buɗe ma'aikatun jiragen ruwa, ta Arewa tana da hedkwata a Lokoja, aka haɗe su wuri ɗaya a 1914. Da yawa daga cikin Turawan da suke shugabancin wannan ma'aikata hafsoshin rundunar ko-ta-kwana ne, watau masu haƙƙin neman R.D. 'Yan ƙasa kuwa, waɗanda suke zuba gawayi a tukunyar jirgi, suke auna zurfin Kwara da gora, ba su cikin wannan lissafi. Sai a 1956 aka kafa rundunar sojan ruwa ta Nijeriya, kuma sai a 1964 ɗan ƙasa, J. E. A. Wey, wanda ya fara aiki a tsohuwar ma'aikatar jiragen ruwan, ya zama shugabanta.

Abin da ya fi shafar mutanen Arewa shi ne sojan ƙasa, watau Rundunar Tsaron Iyakokin Afirka ta Yamma wadda Lugard ya hau shiryawa a 1897. A 1903 aka yi wa 'yan Afirka na wannan runduna tasu lambar daɗewa a aiki, dabam da ta Turawa. Sharaɗinta shekara 18 ba tare da tabo a littafin hali ba. Ya kamata a tsaya a dubi nauyin wannan sharaɗi. Soja ne da yake fareti ba takalmi, wanda dokar bariki ta halatta a yi masa bulala har zuwa 1946, wanda kuma duk iya ƙoƙarinsa ba zai wuce muƙamin samanja ba, tun da ba a ba ɗan Nijeriya hafsa ba sai a 1948. Laifi ƙanƙane, kamar makara daga hutu ko mayar wa saje magana, yana iya shiga littafi ya ɓata aikin shekaru. Wanda ya fita da wannan minda a ƙirjinsa, lalle ya haɗiye abubuwa da yawa.

Misalin da aka fi sani shi ne Samanja Chari Maigumeri, mutumin Barno. Ya fara soja a hannun Jamusawa a Kamaru, Ingilishi suka kama shi a Garwa a 1915, daga baya ya shiga rundunarsu, ya yi yaƙin Habasha da na Bama, bai ajiye aiki ba sai a 1953. A ƙarshe aka ba shi muƙamin kyaftin na girmamawa, yau kuma akwai bariki mai sunansa a Lokoja. Amma irinsa ɗaiɗai ne. Dubban da aka ɗiba ta hannun sarakuna da hakimai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka zuba su a jirgin ruwa zuwa Indiya cikin runduna ta 81 da ta 82, ba su daɗe har su kai ga wannan lamba ba. Sun dawo da mindar halartar yaƙin Bama da kuɗin sallama. Takardun da aka tono a 2019 sun nuna yadda aka yi wannan lissafi a Afirka ta Gabas: farabiti Bature sule goma a kan kowane wata na aiki, baƙar fata sule uku da sisi.

A nan ne matsayin Mai'adua ya zama abin lura. Iyakar da Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta ratsa tsohuwar ƙasar Daura, ta bar dangi a hannun Ingilishi, dangi a hannun Faransa. A zamanin Sarkin Daura Abdurrahman, wanda ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, an yi yaƙin duniya sau biyu, kowane ɓangare kuma ya ɗebi nasa samarin. Na kudu da Kwangwalam sun sa kakin Sarkin Ingila, na wajen Matamaye da Damagaram sun shiga sahun sojan da Faransa take kira 'yan Sanigal ko da daga ina suka fito. Kasuwar Mai'adua ta ranar Lahadi tana haɗa jikokin waɗannan da na waɗancan.

A tsarin sarautar Hausa, in bara ya daɗe yana bauta, akan saka masa da doki, ko alkyabba, ko gona, ko rawani, abin da zai ci moriyarsa ya kuma bar wa 'ya'yansa. Minda ba ta da wannan hali, darajarta tana rataye da kuɗin da yake biye da ita. Faransa ta fi Ingila alkawarin fensho ga tsofaffin sojojinta na Afirka, amma dokar kasafin kuɗi ta Disamba 1959 ta daskarar da fenshon duk wanda ƙasarsa ta sami mulkin kai. Nijar ta sami nata a 1960. Daga nan fenshon tsohon soja Bafaranshe ya yi ta hawa tare da tsadar rayuwa, na abokin yaƙinsa na Damagaram ya tsaya cik inda yake. Wani tsohon saje ɗan Sanigal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta ba shi gaskiya a Nuwamba 2001, bayan ya riga ya rasu. Majalisar kare tsarin mulki ta sake yin hukunci a Mayu 2010, aka daidaita fenshon daga 1 ga Janairu 2011, shekara 66 bayan ƙare yaƙin, lokacin da mafi yawan masu mindar sun riga sun kwanta dama.