Koko: Ma'anarsa da Tafiyar Sunansa

Koko abin sha ne mai ruwa-ruwa da ake damawa da gasarar gero, wani lokaci ta dawa ko masara. Ana jiƙa hatsin, a niƙa shi da citta da kanumfari da barkono, a tace, a bar ƙullun ya kwana ya yi tsami, da asuba a kwara masa tafasasshen ruwa. Wannan tsamin kwana ne ya bambanta shi da sauran dangin kunu: kunun tsamiya aro yake yi daga tsamiya, kunun kanwa kuwa ba ruwansa da tsami. Masu haɗa sunan da ƙoƙon da ake sha a ciki rubutun boko marar lanƙwasa ne ya ruɗe su, domin a bakin Bahaushe kalmomin biyu ba su taɓa zama ɗaya ba.

Inda tarihin sunan ya fi fitowa fili shi ne ƙasar Gana. A ƙarni na 19 fataken Kano da Katsina sun riƙa bin hanyar Gwanja zuwa kasuwar Salaga, suna kai kanwa da tufafi, suna ɗauko goro. Bayan Turawan Ingila sun ƙone Kumasi, babban birnin Asante, a 1874, Salaga ta kuɓuce daga hannun Asante, cinikinta ya fara ja baya, sannan yaƙin basasa na 1892 ya watsa 'yan kasuwarta zuwa Kete Karachi da Kumasi da Ankara, babban birnin Gana na yau. Duk inda suka sauka zango ya kafu, matan zango kuma suka ɗora tukunyar koko da kaskon ƙosai a bakin hanya. Har yau a unguwar Nima ta Ankara da koko ake karyawa, ana ƙulla shi a leda da sukari da soyayyiyar gyaɗa, kuma sunansa a faɗin ƙasar "Hausa koko".

Wasu na kafa hujja da wannan laƙabi cewa kalmar ta Hausa ce tsantsa. Hujjar ba ta kai ba. Mutanen kudancin Gana na kiran nasu kunun masara koko, shi ya sa aka ƙara "Hausa" don a ware na gero mai yaji. Abin da ba shi da gardama shi ne, a sunayen abincin Gana, koose daga ƙosai ya fito, waakye kuma daga wake.

A kudancin Najeriya kuwa Yarabawa na kiran irin wannan kunu ogi, Ibo na kiransa akamu, kuma galibi da masara suke yi.