Mudun Awon Ƙagaggun Labarai, 1933 zuwa 1990

A cikin shekarar 1933 ne Dokta Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. Daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Tun daga nan malamai suka mai da waɗannan littattafai mudun da ake auna duk wanda ya biyo baya.

To, amma su ma ba jinsi ɗaya ba ne. Ruwan Bagaja jerin abubuwan raha ne. In an cire wata arangamar Alhaji Imam da Malam Zurƙe, labarin ba zai girgiza ba. Shaihu Umar kuwa zare ɗaya ne, na bauta da rabuwar uwa da ɗa.

Da Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, sai aka jefa shi cikin "adabin kasuwar Kano", sunan da ba ya rasa raini. Alhali kuwa labarin Rabi, wadda mijinta ya kora da 'ya'yanta, ya fi kusa da ginin Shaihu Umar bisa ga yadda Ruwan Bagaja yake kusa da shi. Littafin Imam dai ya fi shi gishirin magana.